Shekarar Da Manjagara Ya Bar Kwalbati Ya Cika

Birkila ne tun yana saurayi, amma ba da gini unguwar ta san shi ba. Manjagara ake ce masa, saboda abin da yake saɓawa a kafaɗa duk ranar da bai fita aiki ba. Yara ne suka fara, manya suka karɓa, har matarsa in ya ɓata mata rai takan dangwarar masa da kwano ta ce ya kira manjagarar tasa ta zuba masa. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa kiransa da sunan ba, yayarsa. A bakinta shi Auta ne, ko da yake furfura ta cinye gemunsa, kuma 'ya'yan da ya aurar sun haihu.

Unguwar a kan gangare take. Daga sama akwai kasuwa da gareji da layin masu kaji. Duk ruwan da suka zubar, da wanda sama ta zubo musu, lambatu ɗaya yake bi, ya gangaro ta tsakiyar gidaje har ya iso babban titi. A nan sai ya shige ƙarƙashin titin ta wani kwalbati da babba zai iya shiga a durƙushe, ya fita can fili. Gidan ƙarshe kafin kwalbatin na Yaya ne: ɗaki ɗaya, da rumfa, da 'yar tagar da take sayar da sabulu da ashana da gishiri. Bangon ɗakin na baya a bakin lambatun yake.

Shi ya gina mata ɗakin, shekarar da mijinta ya rasu aka tashe ta daga gidan haya. Ya gina da abin da hannunsu ya kai, bulo mai yashi da yawa, siminti kaɗan, tushe marar zurfi. Ya san abin da ya binne a ƙasa. Ɗaki ne da zai riƙe mutum har ƙarshen ransa muddin gindinsa a bushe yake. Shi ya sa, tun wata damina da ruwa ya shiga ya kwashe wa Yaya takalma da tukwane, bai sake bari hadari ya sami kwalbatin a toshe ba.

Aikin ba shi da daɗin faɗi. Mutum ya naɗe wando, ya ɗaura leda a ƙafa, ya zura tsoffin takalman roba, ya sauka. Ya janyo ledoji da robobin ruwa da tsummoki da gashin kaji, ya tara a gefe su tsane, sannan a loda a baro. Cikin kwalbatin kuwa sai da rarrafe da gajeren shebur, kai a sunkuye, hanci kusa da abin da ba a son ambata. Kwalba ta taɓa farke masa tafin ƙafa har ya yi wata bai hau gini ba. Da ya warke ya koma.

Da farko shi kaɗai ne. Sai Tela, abokinsa tun suna yara, ya gaji da zama a shago yana kallonsa yana yi masa tsiya, ya ari shebur ya sauko. Mai kemis ta fara kawo safar hannu da ruwan wanke ciwo. Mai wankin mota ya bayar da baro. A hankali suka zama mutane da ɗan dama, ba suna, ba shugaba, ba taro. In zafi ya tsananta kowa ya san lokaci ya yi. Su kwashe, su wanke jiki, kowa ya kama gabansa. Masu zubar da shara ba su taɓa yi musu godiya ba, su ma ba su nema ba.

Amma shekaru sun ci bayansa. Ya kai in ya fito daga kwalbatin sai ya dafa gefen titi ya daɗe kafin ya miƙe sosai. Kuma ya san maganin abin, don aikinsa ne. Raga ta rodi a saman lambatun don ta tare shara tun ba ta gangaro ba, murafan kankare a rufe inda mutane ke juye bola, da ɗan bangon kankare a gefen ɗakin Yaya. Hannu yana da shi. Rodi da siminti ne suka fi ƙarfin aljihun unguwar gaba ɗaya.

Tela ne ya jiyo labarin wata gidauniya da ke ba ƙananan ƙungiyoyi tallafi su gyara abin da ya dami unguwanninsu. Shi mutum ne mai baki, in ya kama magana ba ya saki. Cikin ɗan lokaci suka zama ƙungiya, Tela ya zama shugaba, mai kemis ta zama sakatariya saboda ita ce mai babbar waya, aka rataya allo a ƙofar shagon ɗinki. Da aka tambayi Manjagara wane muƙami yake so, ya ce wanda ake shiga kwalbati.

Gidauniyar ta ce za ta turo jami'arta ta ga wurin. Jin haka suka yi abin da duk mai jiran baƙo yake yi. Suka kwashe lambatun tas daga sama har ƙasa, suka share gefensa, Tela har ya sa aka shafa wa bakin kwalbatin farin fenti. Jami'ar ta zo, yarinya mai ladabi, ta gaishe da kowa, ta leƙa, ta ɗauki hotuna, ta yaba ƙwarai. Ta ce ba ta taɓa ganin lambatu mai tsabta irin wannan ba. Tela ya yi ta washe baki har ta shiga mota.

Tallafin wata unguwa ta samu, ta bayan tasha, wadda lambatunta ko kare ba ya tsallakawa sai ya kau da kai. Jami'ar ta kira mai kemis ta ba da haƙuri. Ta ce manyanta hotuna suke dubawa, kuma inda suka ga matsala ta fi tsanani nan suke fara kaiwa. Ta ce su sake nema baɗi. Ba ta yi musu ƙarya ba, ba ta kuma ce su yi wani abu ba. Abin da suka yi da maganar tata, su suka yi shi.

Da shekara ta zagayo suka sake nema, aka sake cewa jami'ar za ta zo kafin damina. Tela ya tara su a shagonsa, ya kashe keken ɗinki, ya rufe ƙofa rabi. Ya ce bara sun yi wauta, sun ɓoye ciwonsu suka nuna wa likita lafiyayyen wuri. Bana ba mai taɓa lambatu, ba mai taɓa kwalbati, sai ta zo ta gani da idonta ta ɗauka. In ta juya baya, a ranar su kwashe. Kowa ya gyaɗa kai, sannan duk suka juyo suna kallon Manjagara, don sun san in shi bai yarda ba da safe za su same shi a ciki.

Ya daɗe yana kallon ƙyallayen da ke zube a ƙasa. Ya tambaya yaushe za ta zo. Mai kemis ta ce ƙarshen wata, da sauran lokaci sosai kafin ruwa.

"In ta wuce ƙarshen wata fa?"

"Kai tsoho, ka cika baƙin baki," in ji Tela. "Mutane masu mota da ofis za su saɓa maka alkawari? Kai dai ka ba bayanka hutu. Raga kake so ko ba raga kake so ba?"

Raga yake so. Ba wanda ya tilasta masa. Ya koma gida ya jingine manjagarar a bayan ƙofa, matarsa ta ce yau kuma kishiyar ba ta da lafiya ne. Yaya kuwa ba wanda ya gaya mata. Shi ya ce a bari, tsohuwa ce, za ta sa abin a rai a banza.

Abin da ba su lissafa da shi ba shi ne mutane. Shekara da shekaru masu zubar da shara suna ɗan jin nauyi, don sun san akwai dattijon da zai shiga ya kwaso da hannunsa. Da suka ga an daina, nauyin ya tafi. Masu kaji suka fara juye gashi da kayan ciki da rana tsaka. Gareji ya gangaro da tsoffin tayoyi da baƙin mai. Wata safiya aka tashi aka ga katifa guda, lafceciya, kwance a bakin kwalbatin. Manjagara ya tsaya a kanta hannu a baya. Tela ya zo ya tsaya kusa da shi, ya ce wannan katifar Allah ne ya kawo ta, a hoto za ta yi magana fiye da su duka.

Ƙarshen wata ya zo, jami'ar ba ta zo ba. Ta kira ta ce an tura ta wani gari, mako mai zuwa. Mako mai zuwa motar ofis ta lalace. Na bayansa shugabarta ce take son ta biyo ta, kuma shugabar tana wani taro. Kullum da ladabi take kira, kullum da ban haƙuri, mai kemis kuma ta ce ba komai, suna nan suna jira. Ba wanda ya ce mata ga abin da jiran yake nufi.

Ruwan wanke-wanke da na wanka da ke gangarowa kullum ya daina wucewa. Ya taru a bayan katifar, baƙi, mai kumfa, yana ɗan motsi da rana kamar yana numfashi. Wari ya cika ƙasan unguwar. Masu sayen sabulu suka koma wani shago. Manjagara ya canja hanya, yana zagayawa ta bayan gareji in zai tafi aiki, don kada ya bi ta tagar Yaya. Amma wata yamma ta aika a kira shi.

Ya same ta a rumfa tana kore sauro da mafici, idanunta sun yi ja. Ta bar shi ya zauna, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Auta, na yi maka wani abu ne?"

Ya ce me ta gani.

"Ban gani ba, shi ya sa nake tambaya. Ban gan ka a ramin nan ba."

Ya ce bayansa ne ya matsa masa. Ta dube shi, sannan ta tashi da ƙyar ta shiga ɗaki, ta fito da kwalbar man zafin da take shafa wa gwiwoyinta. Ta ce ya tafi da shi, ita ta saba da nata ciwon. Ya karɓa. Kwalbar ta yi masa nauyi a aljihu har gida.

Kafin ya tafi ya zagaya bayan ɗakin kamar mai neman wurin kama ruwa. Danshi ya hau bangon ya wuce gwiwarsa, da wani farin gishiri-gishiri a bakinsa. Ya danna babban yatsa a bulo na ƙasa, yatsan ya shiga, yashi ya zubo. Daga kusurwar taga wata tsaga ta sauko, siririya kamar zare. Tururuwa kuma sun yi layi suna hawa sama da ƙwayayensu a baki. Ya ɗaga kai. Sama fes take, sai dai iskar da ke kaɗawa ba irin ta jiya ba ce, akwai sanyi-sanyi a ƙarƙashinta, da ƙanshin ƙasar da ta jiƙe a wani wuri mai nisa.

Washegari da safe ya je shagon Tela ya ce shi zai shiga. Tela bai ɗaga kai daga ɗinki ba. Ya ce ta kira, jibi tana tafe, ita da shugabarta, wannan karon tabbas. Manjagara ya ce bango ba ya jin jibi. Nan Tela ya tsayar da keken, ya cire tabarau, kuma da ya yi magana babu wasa a muryarsa. Ya ce su biyun nan sun kusa ƙarewa. Ya tambaye shi ko ɗansa ya taɓa riƙe manjagara ko sau ɗaya. Ya tambaye shi ranar da bayan ya ƙi miƙewa gaba ɗaya wa zai shiga ramin saboda Yaya.

"In ka kwashe yau ka cece ta bana. In ka bari zuwa jibi ka cece ta har bayan ranka. Zaɓi."

Gaskiya ce, kuma ita ta fi ba shi haushi. Ya tsaya a ƙofar shagon yana kallon gabas, inda wani farin gajimare ya tsaya ƙyam kamar an kafa shi. Ya ce jibi, in rana ta take ba ta zo ba, ko wa zai mutu shi zai shiga. Tela ya ce ya ji.

Daga nan ya wuce wurin Yaya ya ce ta haɗa kayanta ta zo gidansa ta kwana biyu. Ta ce saboda me. Ya ce sauro. Ta ce sauron da suka san juna tun yana ɗaukar yashi a kai. Ya ce wari. Ta ce hancinta ya mutu. Da ya ga ba hanya, sai ya zauna a bakin rumfar ya gaya mata duka, da taron shago, da hoto, da raga, da katifa. Bai ƙawata ba, bai kuma ɗora wa Tela ba.

Ta saurara har ya gama. Ta ce, "Ashe ba bayanka ba ne."

Ya ce a'a.

"To ka maido min da man zafina."

Ya sake roƙonta ta taso. Ta ce ba inda za ta. A ɗakin nan take da tabarma da akwati da tagar da take ci da ita, ba za ta je ta zauna a tsakar gidan ƙanenta kamar kayan aro ba. Shi ya gina, shi ya san abin da ya gina. In ɗakin zai tsaya ya tsaya da ita.

Ranar ta zo da zafi mai nauyi, ko ganye ba ya motsi. 'Yan ƙungiya suka sa kaya masu kyau suka jera kujeru a gefen titi, can nesa da warin. Manjagara ya zo da kayan aiki, manjagarar a kafaɗa, ya zauna a kan bakin kwalbatin. Hantsi ya wuce. Rana ta take. Wayar mai kemis ta yi ƙara, ta saurara, ta ce suna hanya, ruwa ne ya tsare su a wani gari, amma sun taso. Ba wanda ya kalli wani. Gabas ta riga ta yi baƙi daga ƙasa har rabin sama, tsuntsaye suna ta yawo ƙasa-ƙasa.

Ya naɗe wando ya sauka. Ya zaci Tela zai yi magana. Tela ya dubi sama, ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa wa mai kemis, ya bi shi.

Sharar da ta yi watanni ba irin wadda suka saba ba ce. Ta danne kanta, baƙin mai ya haɗe ta, ta zama kamar gini. Katifar ta sha ruwa ta kumbura, rabinta ya shige cikin kwalbatin ya cika shi baki da baki. Ya kafa manjagara ya ja, haƙora biyu suka lanƙwashe. Suka kama da hannu, shi da Tela da mai wankin mota, soson yana yagewa a yatsunsu, sauran yana nan inda yake. Aikin kwana da kwanaki ne, su kuma abin da ya rage musu bai kai na shan ruwa ba.

Ko ɗigo bai sauka a kansu ba tukuna lokacin da ya ji ƙarar. Daga sama take zuwa, ta wajen kasuwa, kamar ana jan buhuna a kan tsakuwa. Can ruwan ya fara sauka, ga shi ya biyo lambatu. Ya waiwaya ya ga bakinsa, ja, yana turo robobi a gaba. Ya ce su fita. Ruwan ya iso ya bugi katifar, ya tsaya, ya fara hawa. Kafin ya dafa gefe ya fito ya kai masa ƙugu, kuma hanya ɗaya ta rage wa ruwan, gefen ɗakin Yaya.

Ya bar manjagarar a ciki. Ya sami Yaya zaune a bakin gado ta ɗora ƙafafu sama, ruwa yana shigowa ta ƙarƙashin bango, ba ta ƙofa ba. Bai tambaye ta ba. Ya juya ya durƙusa ya jawo hannayenta wuyansa, ya miƙe da ita. Wani abu ya soke shi a gadon baya har idonsa ya yi duhu, amma ya miƙe. Ta ce akwatinta. Ya ce ya gani. Suna fitowa, sama ta ɓalle da ruwa.

Bangon bai yi ƙara sosai ba. Suna tsakiyar titi ya ji kamar an sauke kaya daga mota, ya juyo da ita a bayansa. Bangon baya ya zauna cikin lambatu, rufin ya biyo shi ya kwanta a kan gadon. Tagar sabulu ce kaɗai ta rage a tsaye, sandunan sabulun jere a kanta, ruwa yana dukansu suna kumfa. Ya ji yatsun Yaya sun saki wuyan rigarsa.

Motar ta iso bayan ruwa ya ɗauke. Jami'ar ta fito da takalma a hannu, shugabarta a bayanta. Suka tsaya a kan titi suna kallo. Jami'ar ta ɗauki hotuna, ta tambaya ko an rasa rai, aka ce a'a. Sai ta tambayi yadda aka yi lambatun da ta gani bara ya koma haka. Tela, ba riga, taɓo har wuya, ya ce abin ne ya fi ƙarfinsu. Mai wankin mota ne, da ba ya iya riƙe magana, ya ce ita suke jira ta gani.

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya kamar ba ta ji daidai ba. Ta ce, "Ai da kun ɗauka da waya kun turo min. Ya isa. Zuwan nan nawa gaisuwa ce kawai."

Mai kemis ta dubi wayar da ke hannunta, ta sa ta a jaka. Bara an zo an gani da ido, shi ya sa suka ɗauka sai da ido. Ba wanda ya taɓa tambaya.

Sun sami tallafin, kuma da wuri. An ce hoton ɗakin da ya faɗi bai bar wa kowa gardama ba. Manjagara ya ƙulla ragar da hannunsa, a zaune a kan bulo don tsayuwa ta daina yi masa daɗi, ya zuba murafan kankare, ya ja bangon kariya a gefen filin da ɗakin yake a da. Aikin ya yi kyau, ruwa yana wucewa. Amma da Tela ya tambaya ko za a iya tayar wa tsohuwar ɗaki daga ciki, aka ce tallafin na aikin jama'a ne, ba na gidan mutum ɗaya ba. Wannan ma gaskiya ce.

Yaya tana gidansa, a ɗakin da ke kusa da ƙofa. Matarsa tana kula da ita da kyau. Yaya ba ta yi masa faɗa ba ko sau ɗaya, ba ta tayar da maganar ba. Tana amsa gaisuwarsa, tana tambayar bayansa. Sai dai ranar da ta fara buƙatar a kira mata shi, ta ce wa jikarsa ta je ta ce da Manjagara tana son magana. Tun daga ranar haka take kiransa, kamar kowa. Duk ranar da aka biya shi aiki yakan sayi bulo kaɗan masu siminti sosai ya jera a filin. Ya gaya mata sun fara taruwa. Ta ce madalla. Ba ta je ta gani ba.

Labari kuwa ya zaga. Mutanen wasu unguwanni suna zuwa shagon Tela su tambayi yadda aka yi suka samu. Tela ya daina ba da amsa, amma ba sai ya faɗa ba, kowa ya ga hoton.

Da zafi ya sake tsananta, wata safiya Manjagara ya bi ta unguwar da ke ƙetaren titi zai je duba wani gini, sabuwar manjagara a kafaɗa don ya saba. A bayan makarantar yara akwai kwalbati irin nasu. Tun daga nesa hancinsa ya gaya masa. Ya cika har baki, baƙin ruwa kwance a jikin bangon aji, daga ciki ana jin yara suna maimaita karatu. Maza uku suna zaune a kan benci a inuwa, da sabon allon ƙungiya jingine a gefensu, suna kallon hanya.

Ya tsaya. Ya dubi bangon, ya dubi inda danshi ya kai. Ɗaya daga cikinsu ya gane shi, ya gaishe shi da girmamawa, ya ce, "Baba, kada dai ka taɓa. Baƙi muke jira."

Ya ce su ɗauka da waya su tura. Mutumin ya yi murmushi, ya ce ai sun ji yadda aka yi a unguwar su Manjagara, hoton shara kowa yana da shi, shi kaɗai ba ya kawo tallafi.

Manjagara ya dubi gabas. Ya sauke manjagarar daga kafaɗa, ya sunkuya a hankali saboda bayan, ya fara naɗe wando. A bayansa ya ji bencin ya yi ƙara, su ukun sun miƙe.